Cinikin gida ya wargaje, an je kotu an dawo, to waye zai biya kuɗin shari'ar?

Akwai tambayar da mutane ba su cika yi wa lauya ba a zaman farko, saboda a ranar zuciya ce ke magana. An yi cinikin gida ko fili, an ba da kafin alƙalami, sai mai sayarwa ya ce ya fasa don wani ya ɗora masa wani abu a kai, ko mai saye ya yi ɓatan dabo ranar da ya kamata ya cika kuɗi, ko kuma bayan an sa hannu aka gano akwai tsaga a ginin da aka shafe da fenti. Ran mutum a ɓace, abin da kunnensa ke son ji kawai shi ne "za mu ci". Alhali abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne, in muka faɗi fa, nawa zan biya kuma wa zan biya? Kai ko da mun ci ma, nawa ne zai dawo aljihuna cikin abin da na kashe? Don wallahi amsar ba yadda mutane ke zato take ba.

Ka fara da rarrabe kuɗin tukuna, don in an ce kuɗin shari'a ba abu ɗaya ake nufi ba. Akwai na kotu, wato kuɗin shigar da ƙara da kai sammaci da kwafin takardu. Akwai na ƙwararrun da za su ba da shaida, safiyo, injiniya, mai ƙiyasta darajar gida. Sannan ga babban, kuɗin lauya, wanda a yawancin shari'u shi ke lashe kaso mafi tsoka. Kuma ka riƙe wannan da kyau: lauyanka kai ka ɗauke shi, kai yake bi bashi ko ka ci ko ka faɗi. In kotu ta ce abokin shari'arka ya biya ka, wannan tsakaninka da shi ne, in ya ƙi biya ko ya zama ba shi da ko sisi lauyanka ba zai bi shi ba, kai dai zai turo wa takarda.

Abu na gaba, ka san dokar ina ce ke aiki a kanka. Gida ba ya tashi daga inda yake, shi ya sa galibi rigimar ƙasa a kotun wurin da ƙasar take ake yinta, ko da kai kana wata uwa duniya. Duniya kuwa ta rabu gida biyu a kan wannan magana. Akwai tsarin Ingila, wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin wanda ya ci, a rubuce yake a ƙa'ida ta 44.2 ta dokokin shari'ar farar hula na Ingila da Wales na 1998, kuma ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya da sauran waɗanda suka gaji shari'ar Ingila duk a kan wannan turbar suke, kowa da ɗan gyaransa. Sai dai ita wannan ƙa'idar a wuri ɗaya ta ce wanda ya faɗi ya biya, a wurin kuma ta ce alƙali na iya yanke wani abu daban, to ka ga ashe ba tabbas ba ne, mafari ne kawai. Sai tsarin Amurka, inda kowa ke biyan lauyansa ko ya ci ko ya faɗi, kotun ƙolinsu ta faɗi haka tun 1796 ta kuma sake jaddada shi a 1975 a shari'ar kamfanin bututun mai na Alyeska. A can wanda ya ci yakan samu ƙananan kuɗin kotu dai, amma na lauya sai in wata doka ta musamman ko yarjejeniya ta ba shi, ko kuma ɗaya ɓangaren ya yi shari'ar da mugun nufi. Jihar Alaska ce ta fita zakka, tana ba wanda ya ci wani kaso na kuɗin lauyansa.

Jamus ita ma wanda ya faɗi ke biya, sashe na 91 na dokar shari'arsu, amma abin da ya burge ni da nasu shi ne akwai jadawali na doka da ke lissafa kuɗin lauya daidai da darajar abin da ake rigima a kai, kenan tun kafin ka shiga za ka iya zama da biro ka san iya asarar da ke jiranka, in kuma ka ɗauki lauya mai tsada fiye da jadawalin to rarar taka ce ko ka ci. Faransa ta raba, kuɗin kotu a kan wanda ya faɗi, na lauya kuma alƙali ne ke yanke wani adadi a ƙarƙashin sashe na 700, kuma sau da yawa bai kai abin da aka kashe ba.

Da ka san wannan sai ka ɗauko takardar cinikin ka karanta ta tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa ranar sa hannu. Abin da kake nema shi ne layin da ya ce in rigima ta kai kotu wanda ya yi nasara zai karɓi kuɗin lauyansa daga ɗayan. A wuri irin Amurka wannan layin shi ne komai, shi ke juya dokar gaba ɗaya. Wani lokacin za ka ga an rubuta shi don amfanin ɓangare ɗaya kawai, mai sayarwa misali, to a California sashe na 1717 na dokarsu ya ce ba a yi haka ba, in an ba ɗaya to an ba duka biyun. Ka duba kuma ko an ɗaura masa sharaɗi, don akwai fom ɗin cinikin gida da ke cewa sai ka fara neman zaman sasanci kafin ka garzaya kotu, in ka tsallake wannan matakin ka yi asarar kuɗin lauyanka ko da kai ne da gaskiya ɗari bisa ɗari. Mutum ya ci shari'a ya rasa kuɗin lauya saboda wasiƙa ɗaya da bai aika ba, abin takaici ne amma yana faruwa.

Tun kana riƙe da takardar ma ka tambayi kanka, shin akwai cinikin da doka ta sani kuwa? A nan ƙararraki da yawa ke mutuwa. Tun dokar Ingila ta 1677 ake neman rubutu a cinikin ƙasa, ta 1989 kuma ta ƙara tsanantawa ta ce dole duk sharuɗɗan su kasance a rubuce kuma ɓangarorin biyu su sa hannu. A Ingila kafin a yi musayar takardun kwantiragi kowa na iya fasawa ba tare da ya biya ka komai ba, ko da kun yi musabaha kun ci kun sha, ko da ka riga ka biya safiyo da lauya. Wanda ya kai ƙara a kan alƙawarin baki a irin wannan wuri ya rasa gidan, ya rasa abin da ya kashe, sannan a ɗora masa kuɗin lauyan wanda ya yaudare shi ɗin. Garin neman gira kenan.

To a ce an yi shari'ar an gama. Waye ma ya ci? Kar ka yi dariya, tambaya ce ta gaske kuma lauyoyi kan kwashe yini guda suna jayayya a kanta bayan hukunci. Ka ce ka nemi kotu ta tilasta wa mai gida ya sayar maka, in hakan bai yiwu ba a ba ka diyyar 100, sai kotu ta ƙi tilasta shi ta ce a mayar maka da kafin alƙalaminka na 10 kawai. Kai za ka ce ai na fito da wani abu, shi kuma zai ce gidana na hannuna kuma na kare kaina daga 90. A Jamus lissafi kawai za a yi a raba kuɗin daidai da yadda kowa ya ci ya faɗi, wanda ke nufin kai ne za ka ɗauki mafi yawa. A tsarin Ingila akan fara da duba wanda zai rubuta wa wani cek a ƙarshe, amma alƙali na iya zaftare maka kaso saboda batutuwan da ka tayar ka faɗi a kansu, musamman in ka zargi mutum da zamba ka kasa tabbatarwa, kotuna ba sa wasa da wannan. Shi ya sa cika ƙara da kowane irin zargi don a tsorata abokin gaba dabara ce mai tsada. Ka nemi abin da kake da hujjarsa, ka bar sauran.

Ko da an ce kai ka ci gaba ɗaya, ba duka za a dawo maka da shi ba. Kotu za ta tantance takardar kuɗin lauyanka layi layi, a ma'aunin da aka saba amfani da shi sai abin da ya dace kuma bai wuce girman rigimar ba za a amince da shi, in an yi kokwanto kuma wanda zai biya ake ba rinjaye. Lauyoyi a Ingila sukan ce wa mutum ya sa ran wajen kashi biyu cikin uku, in ya samu fiye da haka ya gode. Akwai ma'auni na biyu mai nauyi da ake ɗora wa wanda ya yi rashin kirki a shari'ar, ƙarya ko ɓoye takardu ko jan ƙafa da gangan, a nan kokwanto na komawa ga amfanin wanda za a biya, amma ko shi ɗin ba kasafai yake cike ramin duka ba. Kenan wanda ya ci ma da ɗan rauninsa yake fita, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, don shi ne abin da ke hannunka da gaske: tayin sulhu a rubuce. Asalin abin ma a kan gida ne. A Ingila wasu ma'aurata masu suna Calderbank suka rabu, matar ta yi wa mijin tayin wani gida da darajarsa ta kai wajen fam 12,000, ya ce bai isa ba, aka yi ta shari'a, ƙarshe kotu ta ba shi fam 10,000. Kotun ɗaukaka ƙara a 1975 ta ce tunda an ba ka abin da ya fi wannan ka ƙi, to kuɗin shari'ar da aka kashe bayan tayin kai ka jawo shi. Daga nan ake kiran irin wannan wasiƙa da sunansu har yau, har a Ostareliya da wasu ƙasashen. Yadda take aiki shi ne, ka rubuta wa ɗaya ɓangaren cewa ga abin da zan karɓa ko zan bayar a rufe magana, ka sa mata alamar cewa ba za a nuna wa alƙali ba sai an zo maganar kuɗin shari'a. Alƙali ba zai gan ta ba lokacin da yake yanke hukunci, saboda haka ba za ta zama kamar ka amsa laifi ba, sai bayan hukunci lauyanka ya zaro ta ya ce ranka ya daɗe ga abin da muka ba su wata takwas da suka wuce.

Ingila ta mayar da abin doka mai haƙora a Sashe na 36 na ƙa'idojinta. Ana ba mutum aƙalla kwana 21 ya yi tunani. In wanda ake ƙara ne ya yi tayin, mai ƙara ya ƙi, sannan bai samu abin da ya fi tayin ba a kotu, to daga ƙarewar kwanakin nan mai ƙarar ne zai ɗauki kuɗin lauyan wanda ake ƙara, duk da sunan shi ya ci. In kuma mai ƙara ne ya yi tayin aka ƙi, ya zo ya samu daidai da shi ko fiye, sai a ba shi kuɗinsa a ma'auni mai nauyi, da ƙarin kuɗin ruwa, da wani ƙari a kai da zai iya kaiwa fam 75,000. Ontario ta Kanada na da irinsa a ƙa'ida ta 49, kotunan tarayyar Amurka na da ƙa'ida ta 68 sai dai tasu ba ta da ƙarfi sosai tunda galibi ba ta taɓa kuɗin lauya.

To in za ka yi, ka yi shi da wuri, don kariyar sai bayan an yi tayin take farawa, tayin da aka yi ana gobe shari'a kusan ba abin da ya tsare. Ka sa adadi takamaimai, ka faɗi makomar kafin alƙalami, ka faɗi wa zai ɗauki kuɗin da aka riga aka kashe, ka sa wa'adi. Kuma ya zama tayi na gaskiya da mai hankali zai iya karɓa, ba wai ka ce a ba ka duk abin da ka nema ka kira shi sulhu ba. In kai aka aiko wa, don Allah kar ka jefa ta a aljihun tebur saboda fushi, ka zauna da lauyanka ku auna ta da abin da kuke ganin kotu za ta bayar a rana mara kyau, ba a rana mai kyau ba. Shari'a mace ce mai ciki.

Haka ma gayyatar zaman sasanci. Tun shari'ar Halsey a 2004 kotunan Ingila suka ce wanda ya ƙi sasanci ba da dalili mai kyau ba ana iya rage masa kuɗinsa ko ya ci, a 2013 aka ƙara da cewa yin shiru ma ƙi ne, a 2023 kuma aka ce kotu na iya tura ku da kanta. Ko ba ka son zaman, ka amsa a rubuce ka faɗi dalilinka.

Akwai wasu ramuka da ake faɗawa ba a sani ba. Mutum ya ga shari'a ta yi masa nauyi ya ce bari kawai in janye, a tunaninsa shikenan an tashi, alhali a tsarin Ingila wanda ya janye ƙara shi ake ɗauka zai biya kuɗin ɗayan har zuwa ranar janyewar. In za ka fita ka fita ta hanyar yarjejeniya, a rubuta ƙarara cewa kowa ya ɗauki nasa ko wane zai biya kaza, kar a bar wannan layin a buɗe. Sai masu haɗa kowa da kowa a ƙara, mai gida, dillali, safiyo, har lauyan da ya rubuta takarda. Duk wanda ya kuɓuta a cikinsu kuɗinsa na iya dawowa kanka, sai in ka nuna cewa akwai dalilin sa shi, misali su biyun suna ta tura wa juna laifi, a nan kotu na iya ɗora wa wanda ya faɗi ɗin duka. Sai kuma sa wa gidan alama a ofishin rajistar filaye don hana sayar da shi yayin shari'a, makami ne mai kyau in kana da hujja, in babu kuwa dokar rajistar filaye ta Ingila ta 2002 ta ba mai gidan damar neman diyyar asarar da ka jawo masa, wannan daban ne da kuɗin shari'a. Ɗan'uwa ko abokin da ke zuba kuɗi a shari'ar yana juya ta daga bayan fage don yana da rabo a ciki shi ma ya yi hattara, kotu na iya miƙa hannu ta kamo shi ko sunansa ba ya cikin takarda.

In kai ake ƙara kuma kana ganin mai ƙarar kamfani ne da ba shi da komai sai suna, ka nemi kotu ta sa shi ya ajiye kuɗin jingina tun farko. Da wuri ake neman wannan.

To in ta riga ta faru, ka faɗi an ce ka biya. Kar ka biya adadin da aka turo maka haka nan kawai, kuma kar ka yi shiru. Ka nemi cikakken lissafi, awa nawa, wane aiki, wane lauya ya yi shi, me ya sa babban lauya ya yi aikin da ƙarami zai iya, me ya sa mutum uku suka zo zaman da ɗaya ya isa. A Ingila kwana 21 gare ka ka rubuta abubuwan da ba ka yarda da su ba bayan an kawo maka takardar, in ka bari ya wuce ana iya tabbatar da adadin duka a kanka ba tare da an saurare ka ba, in kuma kotu ta riga ta yanke adadi to kwana 14 ne na biya sai in ta faɗi wani wa'adin. Yawanci ana daidaitawa ne kafin a kai ga zaman tantancewa, tunda shi ma zaman kuɗi yake ci, saboda haka ka yi tayi a nan ma, ka nemi biya kaɗan kaɗan in ba ka da shi a dunƙule. Ɗaukaka ƙara ba ya dakatar da biya da kansa, sai ka roƙa an ba ka, kuma ɗaukaka ƙara a kan kuɗin shari'a kaɗai abu ne mai wuyar ci saboda manyan kotuna ba sa son taɓa abin da aka bar wa alƙali ya auna. Ka binciki takardun inshorarka ma, wani lokacin akwai kariyar kuɗin shari'a a liƙe da inshorar gida mutum bai sani ba, sai dai su kamfanonin suna so a sanar da su tun farkon rigima. In kuma sakacin lauyanka ne ya jawo asarar, ya bar wa'adi ya wuce ko bai taɓa gaya maka an aiko da tayi ba, wannan wata magana ce da za ka kai wa wani lauyan daban ya duba.

Kai kuma da ka ci, umarnin kotu takarda ce har sai kuɗi ya shigo. Ka sa lauyanka ya nemi a ba ka wani kaso nan take a ranar hukunci kafin a gama tantance sauran, ka tattara rasit ɗinka duka don abin da ba shi da shaida ba a biyansa, ka shigar da lissafinka cikin wa'adi, a Ingila wata uku ne. In mutumin ya fara zille-zille kuma gidan da aka yi rigimar a kansa na nan da sunansa, ana iya neman kotu ta ɗaura bashin a kan gidan, yadda duk ranar da ya tashi sayar da shi sai an cire naka kafin ya taɓa sauran.